Ko Kun Sani? Abin da Ya Sa Madara Ba Ta Damun Fulani

Yawancin manya a duniya ba sa narkar da ɗanyar madara sosai, amma Fulani da yawa, irin masu tallan nono a Gubuchi da Makarfi, suna shan ta lafiya lau. A 2019 masana a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun binciki ƙwayoyin gado na Fulanin Burkina Faso, suka gano baiwarsu ta narkar da madara iri ɗaya ce da ta Turawa, ta shigo ta auratayya da mutanen Arewacin Afirka. Lissafi ne ya fito da lokacin auratayyar: guntayen gadon kakanni suna gajarcewa zuriya bayan zuriya, tsawonsu kuwa ya nuna kusan shekara 1,800 da suka wuce. Nono mai tsami ya fi sauƙi ga kowa, domin tsamin yana rage sukarin madarar da ke wuyar narkewa.