Ilmin Cike Giɓi da 'Ya'yan Talakawan Karkara

Abin da masana ke kira ilmin cike giɓi shi ne duk wani shiri da hukuma ta tanada domin yaron da ya zo makaranta da rauni, ko don talaucin gida, ko nisan gari, ko rashin wanda ya yi boko a zuriyarsu. Tambayar ita ce: shin taimakon yana ɗorewa a jikin yaro?

A Amurka aka fara auna wannan sosai. A shekarar 1965 gwamnati ta kafa shirin Head Start domin ƙananan 'ya'yan matalauta. Binciken 1969 ya nuna cewa fifikon da suka samu a jarrabawa yakan dushe bayan 'yan shekaru a firamare. Amma wani ƙaramin gwaji da aka soma a garin Ypsilanti a 1962, da yara 123, ya bi sawunsu har suka kai shekara 40. Makin nasu ma ya dushe, sai dai waɗanda suka shiga shirin sun fi gama sakandare da samun sana'a, kuma ba su cika shiga hannun hukuma ba. Abin lura, malamansu kan ziyarci iyaye a gida kowane mako.

A nan gida, shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofa ga kowa, amma yara suka fi malamai da azuzuwa yawa nesa ba kusa ba. A 1977 Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, suka kuwa fitar da ɗaliban da suka zama likitoci da injiniyoyi. Sai dai a faɗi gaskiya, da jarrabawa ake shigarsu, watau giɓin jiha suka cike. Yaron Ƙofa ko Kiru da ya gama aji shida bai iya haɗa baƙi ba, ba ya ko kai bakin ƙofarsu.

Wannan yaro shi ne ainihin magana. Da damina yana gona, ranar kasuwa yana talla, ɗan Fulanin dajin Falgore kuwa yana bin shanu tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Hukumar ilmin makiyaya ta 1989 da ciyarwar firamare ta zamanin Kwankwaso sun nufi irin waɗannan. Abinci yana kawo yaro aji, babu shakka, amma kwanon shinkafa ba ya koyar da karatu. In aka soma masa da Turanci alhali bai kama karatu da Hausa ba, kuma malami ɗaya na fama da aji maƙil, to, zai yi shekara shida yana kwafar allo, sa'an nan ya faɗi jarrabawar shiga sakandare.