Kunnen Mawaƙi Iri Biyu Ne

Akwai mutanen da ko cokali ne ya bugi kofi, nan take za su faɗa maka sunan sautin a ma'aunin kiɗa, ba sai sun ji wani sun gwada da shi ba. Makaɗin Turai Mozart yana da wannan baiwa tun yana yaro. Masu ita ƙalilan ne, shi ya sa ake zuzuta ta.

Abin da kunnen nasu ke riƙewa shi ne saurin girgizar iska. Sautin da Turawa ke kira A yana girgiza sau 440 a daƙiƙa guda, bisa matsayar da aka cimma a Landan a 1939. A wani bincike da aka wallafa a 2006, Diana Deutsch ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ta gwada ɗaliban kiɗa a Beijin da Amurka. Cikin waɗanda suka fara koyo suna da shekara 4 zuwa 5, kusan kashi 60 cikin ɗari na Sinawan sun nuna baiwar, Amurkawan kuwa kashi 14. Ta danganta hakan da karin sautin harshen Sinanci, wanda yaro ke tsotsa tare da nono.

Hausa ma harshe ne mai karin sauti, amma lura da yadda yake aiki. Idan jimla ta yi tsawo, murya tana gangarowa a hankali, har karin sama na ƙarshe ya iya zama ƙasa da karin ƙasa na farko, kuma mai sauraro ba ya rikicewa. Tazarar da ke tsakanin sauti da maƙwabcinsa yake aunawa. Wannan shi ne kunne na biyu, kuma a ganina shi ne jarin mawaƙi na gaskiya. 'Yan amshin Mamman Shata a zamaninsa ba takarda suke bi ba; inda ya ɗora murya nan suke kamawa, makaɗin kalangu yana matsa tsarkiya yana sakinta don ya dace da su.

Baiwar farko ma tana da wahalarta. Idan ƙungiya ta sauke waƙa ƙasa kaɗan don muryoyi sun gaji, mai ita yana ganin sauti ɗaya a takarda, kunnensa yana jin wani. Da yawa kuma idan shekaru suka ja, ma'aunin nasu yakan goce. Auna tazara kuwa ana koyonsa ko an girma, ta hanyar yawan sauraro da rerawa tare da jama'a.