Yadda Haske Ke Bayyana Yawan Kolestarol a Cikin Jini

Kolestarol wani nau'in maiƙo ne da ke yawo a cikin jini. Hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, sauran kuma daga abinci yake shigowa. Jiki na buƙatarsa, amma idan ya wuce kima sai ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyi har hanyar jini ta tsuke, daga nan ake samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ba ya zuwa da zazzaɓi ko ciwon kai, siriri ma yana iya kasancewa da shi. Awon jini ne kaɗai ke tona shi.

A ɗakin gwaji ba a ƙirga maiƙon kai tsaye. Ana zuba wa ruwan jinin wasu sinadarai da ke aiki a kan kolestarol, sai su haifar da haidurojin feroksayid, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi. Idan wannan ya haɗu da wani sinadari mai suna luminol, sai cakudar ta fitar da shuɗin haske marar zafi, kamar walƙiyar maƙesu da dare. Hasken ɗan kaɗan ne, don haka a cikin duhun na'ura ake auna shi. Iya yawan kolestarol, iya ƙarfin hasken, na'urar kuma ta mayar da shi lamba. Amfanin wannan hanya shi ne tana gano abu ko da ƙanƙani ne. Galibin asibitoci da sauyin launi suke aiki maimakon haske, kuma sakamakonsu abin dogaro ne.

Inda ake rikicewa shi ne wajen karanta takardar. Wanda aka auna a Maraɗi yana iya ganin an rubuta masa 2 g/L, a Katsina kuma ya ga 5.2 mmol/L, wani wurin 200 mg/dL. Duka ukun awo ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta, kuma ƙasa da wannan ake son jimillar ta babban mutum ta kasance. Kada ku kwatanta lamba da lamba sai kun duba haruffan da ke gefenta. Jimillar ma ba ta isa hukunci ba: likita zai duba LDL, mai taruwa a jijiya, da HDL, mai kwashe rarar zuwa hanta.

Wani lokaci za a ce ku zo ba ku ci komai ba na awa 9 zuwa 12, sai dai ruwa. In za ku tsallaka iyaka don ganin likita, ku riƙe tsohuwar takardar awonku da sunan duk maganin da kuke sha.