Yaro ya yi ɓarna da babur: Wa zai biya, uba ko kamfanin inshora?

Da yamma ta yi a Nguru ko Gashuwa, ba a rasa ganin yaron da bai wuce shekara 14 ba a kan babur, an aike shi kasuwa ko ɗauko ƙannensa daga Islamiyya. Sau da yawa mai babur ɗin ba ya gari. Ma'aikaci ne a Abuja ko Damaturu, ya saya ya bar wa iyali don sauƙaƙa zirga-zirga. Ranar da yaron ya buge wani, aka garzaya da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, wayar uban ce ke fara ƙara, domin sunansa ne a takardun babur ɗin.

A dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila, zama uba kaɗai ba ya ɗora wa mutum biyan ɓarnar ɗansa. Sai an nuna sakacinsa, ko shi ya sa yaron aikin da ɓarnar ta auku a cikinsa. Wannan ya bambanta da Faransa, inda sashe na 1242 na kundin dokokin hulɗar jama'a ya ɗora wa iyaye alhakin ɓarnar ƙananan 'ya'yansu kai tsaye. To amma wanda ya miƙa makulli ga yaron da bai kai shekara 18 ba, wato shekarun da ake ba da lasisin tuƙi, ya riga ya buɗe wa kansa ƙofar tuhumar sakaci.

Mafi yawan irin waɗannan rigingimu a Yobe ba su kai wa babbar kotu. Suna ƙarewa ne a zauren mai unguwa, ko ofishin 'yan sanda, ko gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci. A fiƙihun Malikiyya, ƙuruciya tana ɗauke wa yaro haddi da ƙisasi, amma ba ta zubar da haƙƙin wanda aka cuta ba. Dukiyar da ya lalata ana biya daga dukiyarsa, diyyar rai kuwa tana kan danginsa na wajen uba, waɗanda malamai ke kira aƙila. Da yake yaro ba shi da komai, kuma dangi a yau sun warwatsu, nauyin yakan tattaru a kan mai albashin gidan.

A nan ne mutane ke tuna inshora. Tun daga dokar 1945 aka wajabta wa duk abin hawa inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna. Tun 1 ga Janairun 2023, hukumar NAICOM ta mayar da kuɗin motar gida naira 15,000 a shekara maimakon 5,000, inda za a iya biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Na babur naira 3,000 ne, da iyakar miliyan 1. Rundunar 'yan sanda ta fara tsananta binciken takardar daga 1 ga Fabrairun 2025.

Sai dai takardar tana da sharaɗi: matuƙi ya zama mai lasisi. Idan yaro ne ke riƙe da kan babur, kamfani ya samu hujjar ƙin biya, ko ya biya ya dawo ya bi mai abin hawan kuɗinsa. Ga kuma takardun bogi da ake saya a bakin ofisoshin lasisi, waɗanda ba a gane jabu ne sai ranar buƙata, alhali ana iya tantance su a rumbun bayanan NIID. Masu ƙyamar inshora saboda addini kuwa suna da tsarin takaful, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, amma shi ma bai yafe sharaɗin lasisi ba.

Ma'aikacin da ya bar abin hawa a gida, ya kamata ya tantance takardunsa, ya kuma ambaci babba mai lasisi da makulli zai zauna a hannunsa. Kuɗin hayar Keke Napep na wata guda bai kai kuɗin ɗaurin karaya ɗaya ba, balle diyyar rai, balle zumuncin maƙwabta da kan yanke daga ranar da aka kai ƙara.