Kebul ɗin da ke sa waya ta saurari jita ita kaɗai

A shekarar 2008 Mdou Moctar, matashi daga Abzinawan jihar Tawa ta Nijar, ya sauka Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Waƙoƙin sun yaɗu ne daga waya zuwa waya, ta bulutut da memori. Jitarsa ta farko kuwa shi ya haɗa abarsa, da katako da wayar birkin keke. Mu mutanen Gatawa da Sabon Birni da Isa, da muke maƙwabtaka da jihar Maraɗi, wannan kiɗa ba baƙo ba ne a kunnenmu, kuma yaron da ya samu jita mai lantarki zai tarar da irin wannan dabara tana jiransa tun ranar farko: yaya zai saita tsarkiyoyinta?

Mai gurmi ko kukuma da kunne yake saiti, ya ja tsarkiya har ta dace da muryarsa. Jita kuwa tsarkiya shida gare ta, kowace da lissafinta. Mafi kauri tana karkarwa kusan sau 82 a daƙiƙa guda, mai bi mata sau 110, mafi siranta kusan sau 330. Manhajojin saiti irin su GuitarTuna wannan karkarwar suke ƙirgawa, su ce maka ka ɗaure ko ka sassauta. Matsalar ita ce kunnen waya ba ya zaɓe. Jita mai lantarki in ba a jona ta da lasifika ba muryarta ƙasa-ƙasa take, ga janareta na ruri, ga babura, ga hayaniyar 'yan biki. Sai allurar manhajar ta yi ta rawa ba ta tsaya ba.

Maganin shi ne a kai sautin cikin wayar ta ramin iyafis. Kan kebul ɗin jita kaurinsa milimita 6.35 ne, da mahaɗa biyu: tsinin da ke ɗauke da sauti da jikin da ke zaman ƙasa. Kan iyafis mai makirufo kuwa milimita 3.5 ne, da gaɓoɓi huɗu. A wayoyin yanzu, in ka ƙirgo daga tsini, na farko kunnen hagu ne, na biyu na dama, na uku ƙasa, na huɗu makirufo. Wasu tsofaffin Nokia sun juya na uku da na huɗu.

A nan mai gaggawa ke yin kuskure, ya yanke tsohon iyafis ya murɗa silinsa da na jita kai tsaye. Waya tana turo 'yar wuta, wajen bolt 2, ta layin makirufo, kuma da ita take gane abin da aka soka mata. A ƙa'idar Android, in turjiyar layin ta faɗi ƙasa da om 70, wayar ɗauka take an danna maɓallin iyafis. To, yawancin jitoci in ka rufe ƙararsu gaba ɗaya layin da ƙasa haɗewa suke, sai ka ji waƙa ta tashi a wayarka ba kai ka kunna ba. Bayan haka, sautin da maganaɗisun jita ke fitarwa ya ninka na makirufo sau da yawa, yana iya cika wa wayar kunne.

Abu uku ke gyara wannan, kuma duk ana samunsu a cikin matacciyar rediyo. Daga tsinin jita a sa kafasita mai lamba 104, ita ce ke tare wutar wayar ta bar sauti ya wuce. A bi ta da rizista ta om 47,000 zuwa gaɓar makirufo, don ta rage ƙarfin. Sannan a gitta wata rizista ta om 2,200, mai zobe ja guda uku, tsakanin makirufo da ƙasa, yadda wayar za ta yarda makirufo aka sa mata. Ƙasan jita ya tafi gaɓa ta uku. Silin kunnuwan biyu a naɗe su da salatif, kada su taɓa komai. Kar a dogara da launin sili, kowane kamfani da nasa, a gwada da mita. Silin iyafis yana da fenti a jiki, sai an ƙona bakinsa kafin ya kama dalma. Duk mai gyaran waya a kasuwar Sabon Birni da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai iya wannan aiki.

Kamfanin IK Multimedia na Italiya ya fitar da na sayarwa, iRig, tun 2010. Wayar da ba ta da ramin iyafis, kamar iPhone tun daga 2016, sai an ƙara mata mahaɗi, amma yawancin Tecno da Itel da ke hannun mutanenmu suna da shi. A ganina wannan kebul na saiti ne kawai, don rizistocin suna dushe zaƙin jita, bai dace da ɗaukar waƙa ba. Kuma daga jikin jita kaɗai za a jona shi. Wanda ya soka shi a mafitar lasifikar amfilifaya, yana iya ƙona wayarsa.