Ko Ka San Ana Yi wa Kwamfuta Ƙaura Tana Tsaka da Aiki?

Yawancin kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da manhajojin banki ba su da gangar jiki tasu ta kansu. A manyan rumbunan bayanai, babbar na'ura ɗaya ake rarrabawa, ta zama gidan haya ga kwamfutoci da yawa na manhaja zalla, kowace tana gudanar da harkarta tamkar ita kaɗai ce a gidan. Ma'abota wannan fanni suna kiran su baƙi. Manhajar da ke raba musu wuri da lokaci, irin su KVM da Xen, ita ce mai masauki.

To, ranar da na'urar ta buƙaci gyara fa? A da sai an kashe baƙin, an tsayar da aikin jama'a. A 2003 kamfanin VMware ya fito da VMotion, dabarar ɗauke baƙuwa daga na'ura zuwa na'ura ba tare da an kashe ta ba. A 2005 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka nuna irin wannan a kan Xen: sun yi ƙaura da kwamfutar da ake buga wasan Quake 3 a kanta, tsayawar da ta yi kuwa ba ta wuce kashi 60 cikin 1,000 na daƙiƙa ba.

Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Ma'adanar aikin baƙuwa a rarrabe take shafi-shafi, galibi kowane shafi kilobait 4. Mai masauki zai kwafe shafukan duka zuwa sabuwar na'ura, baƙuwa na ta aikinta. Kafin ya gama, ta sake rubutu a wasu, sai ya koma ya kwaso waɗannan kaɗai. Haka zai yi ta zagaye har saura ya zama ɗan kaɗan, sannan ya dakatar da ita na ƙiftawar ido, ya tura ragowar, ta farka a sabon gida.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan abu guda: mai masauki yana ganin komai na baƙuwarsa. Kalmomin sirri, bayanan marasa lafiya, lissafin kuɗi, duk a buɗe suke gare shi. Duk wanda ya yi wa manhajarsa kutse, ko ma'aikaci maci amana, ya samu gida a buɗe.

Domin toshe wannan kafa, kamfanin AMD ya sanar da fasahar SEV a 2016, ta shigo kasuwa cikin furosesa EPYC a 2017. Kowace baƙuwa ana ba ta mabuɗinta, duk abin da ta ajiye a ma'adana kuma ana hautsina shi da tsarin AES, ta yadda mai masauki in ya leƙa, shirme kawai zai gani. Mabuɗin yana hannun wani ɗan ƙaramin furosesa na tsaro da ke cikin babban, ba ya fita waje ko da wasa.

Nan gizo yake saƙa. Ta yaya za ka kwashe kayan da aka hana ka gani? Mai karatu zai iya cewa a kwafe shirmen yadda yake, a kai can. Ba zai yi aiki ba, saboda dalilai biyu. Na farko, sabuwar na'ura ba ta da mabuɗin. Na biyu, hautsinawar tana haɗawa da adireshin shafin a cikin ma'adana, don haka ko cikin na'ura ɗaya ka matsar da shafi zuwa wani gurbi, ya lalace.

Mafitar ita ce furosesocin tsaro biyun su yi magana da juna. Na sabon gida zai gabatar da takardar shaidar da ke tabbatar da cewa shi na gaske ne, sai su ƙulla mabuɗin tafiya wanda su biyu kaɗai suka sani. Daga nan kowane shafi, furosesan tsaro na tsohon gida zai buɗe shi a cikinsa, ya sake kulle shi da mabuɗin tafiya, ya buga masa hatimin da zai tona asiri idan an taɓa shi a hanya, ya miƙa wa mai masauki. Mai masauki ya koma ɗan dako: ya ɗauka, ya kai, bai san abin da ke ciki ba. Can kuma furosesan tsaro na sabon gida ya buɗe shi, ya sake kulle shi da sabon mabuɗi. Mai baƙuwar ma yana da ikon sa sharaɗi tun ranar kunna ta cewa ba ya yarda a yi ƙaura da ita ko'ina, furosesan kuma ba zai karya sharaɗin ba.

Wahalar ba ta ƙare a nan ba. Ɗan furosesan tsaron ba don ɗaukar nauyi aka ƙera shi ba, gigabait 1 kaɗai kuwa shafuka 262,144 ne. Idan baƙuwa tana sauya shafuka fiye da saurin da ake kulle su, zagayen ba zai taɓa ƙarewa ba. Shi ya sa masu haɓaka KVM da abokiyar aikinta, manhajar QEMU, suka yi ta nazarin sanya mataimaki a cikin baƙuwar kanta, ya yi aikin kullewa da ƙarfin babban furosesa. Kamfanin Intel, a fasaharsa ta TDX, takwarar SEV, ya ware wata baƙuwa ta musamman wadda aikinta shi ne tantance sabon gida kafin a yarda da shi. Akwai kuma shafukan da baƙuwa ta bari a buɗe da gangan don mu'amala da faifai da intanet. Dole ta riƙa sanar da mai masauki waɗanne ne, don kada a cakuɗa su da na sirri.

Girman aikin ya bayyana a kasuwa. Lokacin da Google ya fara hayar irin waɗannan kwamfutoci masu sirri a 2020, ba a iya yi musu ƙaura. In gyara ya zo, kashe su ake yi. Sai daga baya aka samu damar a kan wasu nau'o'insu. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, domin asibiti ko bankin da aka ce ya zaɓa tsakanin sirri da aiki mara yankewa, sau da yawa sirrin zai sadaukar. Kowane mataki da injiniyoyin nan suka ci yana rage wannan tilas, bayanan talakan da ke ajiye a can kuma su ne suke amfana.