Duwatsun da ke kan rufin Abakpa

Duwatsu ne suka kai ni Abakpa, a garin Kaduna. Duk wanda ya bi ta unguwar, daga wajen tsohuwar makarantar sojoji ta NDA zuwa Unguwar Shanu, ya ɗaga kai, zai ga bulo da tsofaffin tayoyi a jere bisa kwanon gidaje, kamar an shanya su an manta. Aka ba ni benci da ruwan sanyi a ƙofar wani tsohon kafinta, na tambaye shi dalilin ɗora su.

Dariya ya fara yi. Ya ce ai su kogi bai dame su ba. Ko a watan Agustan 2003, da Kogin Kaduna ya yi ambaliya ya ci gidajen da ke bakinsa, su labari suka ji. Abin tsoronsu iskar farkon damina ce, ta Afrilu da Mayu, wadda ke tasowa daga gabas bayan zafin bazara, ta turo ƙura kafin ɗigon ruwa ya sauka.

"Ɗana, ruwa ba ya shiga sai iska ta buɗe masa ƙofa," in ji shi. Sai ya shiga bayani, hannu na aiki: katakon rafta da gara ta ci, ƙusa da ta yi tsatsa ta sake, kwanon yanzu da bai kai kaurin na da ba. Da iska ta sami gefe ɗaya shi ke nan, sai ta naɗe rufin kamar tabarma. Shi kansa, mai gyara wa mutane, ya taɓa kwana a tsaye da iyalinsa cikin ɗaki ba rufi, washegari ya tsinci kwanonsa a gidan maƙwabci. Mai gidan haya kuwa sai ya ce a jira, ɗan haya ya ɗora dutse. Na ga laifin masu haya a da, da nake ganin tayoyin nan a matsayin ƙazanta. Yanzu kam na daina.

Na ce, "Baba, ka san irin hadarin nan har Amurka yake kaiwa?" Ya ajiye guduma. Gaskiya ce: da damina ta yi nisa, hadarin da ke ratsa ƙasashenmu yana ci gaba da tafiya yamma, ya fita teku ta wajen Senegal, wani ya ƙarfafa a kan ruwan ɗumi ya zama mahaukaciyar guguwa. Guguwar Irma, da ta daki tsibirin Barbuda da jihar Florida a Satumbar 2017, daga wannan yanki na Afirka ta samo asali. Fred kuma ta afka wa tsibiran Cape Verde a ƙarshen Agustan 2015.

Ya yi shiru, ya dubi gabas, inda gari ya fara haɗewa. Sannan ya ƙwala wa jikansa kira, ya ce ya ɗauko tsani, akwai taya ɗaya a bayan ɗaki da ba a ɗora ba.